Baba Zauna-Daidai da Amsar Bayan Tukunya

In ka shiga babban ginin jami'ar ka bi barandar hagu har ƙarshe, inda ƙwan fitila ɗaya ya daɗe da mutuwa, za ka tarar da ƙofa mai allo: Ofishin Taimaka wa Masu Neman Aiki. Daraktan ofishin yana da ɗakinsa a sama, mai kafet da na'urar sanyi. Amma kowa ya san ofishin na gaskiya shi ne na ƙasan nan, mai tebur ɗaya, kabad biyu, fanka mai kuka, da wani siririn dattijo mai tabarau a karan hanci. Sunansa na gaskiya yana nan a takardar albashi, can yake zamansa. Ɗalibai sun fi shekara ashirin da raɗa masa nasu, saboda kalmomi biyun da yake tarbar kowa da su tun kafin ya amsa gaisuwa: zauna daidai.

Duk wanda ya gama karatu aka kira shi intabiyu, nan yake fara zuwa gwaji. Baba zai kore shi waje ya ce ya ƙwanƙwasa. In ya buga da ƙarfi a ce masa shi ba ɗan sanda ba ne, in ya buga a hankali a ce ba sata ya zo ba. In Allah ya sa an shigo, sai kujera. Kujerar nan ƙafarta ɗaya ta gaza sauran da kamar faɗin yatsa, kuma sau uku kafintan jami'a yana zuwa da guduma Baba yana sallamarsa. A ganinsa, wanda ya iya zama a kanta minti goma sha biyar bai yi rawa ba, babu kujerar kamfanin da za ta kunyata shi. Daga nan sai ya ɗaure fuska tamau ya zama mai kamfani, ya yi ta jefo tambaya har gumi ya keto wa yaro. Manyan samari masu gemu sun fita daga ɗakin nan suna goge ido. Amma sukan dawo bayan wata biyu da takardar kama aiki, shi kuma ya karɓa ya karanta tun daga adireshi har sa hannu, ya ce, "To, madalla. Me suka tambaye ka?"

Wannan tambayar ita ce jarinsa. Akwai wani baƙin littafi da yake ɗaurewa da roba ya kulle a durowa. Duk wanda ya dawo, ya samu ko bai samu ba, sai Baba ya zaunar da shi ya tatse shi: me aka tambaya, me ka ce, da ka faɗa wa ya gyaɗa kai, wa ya duba agogo. Amsar da ta kawo aiki sai ya rubuta ta da jan biro, ya koya wa na baya. Haka littafin ya yi kiba, har roba ɗaya ta daina riƙe shi.

Abin da ba a sani ba shi ne, Baba bai taɓa zama a kujerar intabiyu ba a rayuwarsa. Jami'ar ma ta ƙofar ma'aikata ya shige ta. Yana saurayi yana buga wa mutane wasiƙu da tafireta a wata rumfa kusa da gidan waya, sai ranar nan mai buga takardun ofishin ya kwanta rashin lafiya ana tsakiyar aiki. Aka aiko a ɗauko duk wanda ya iya. Ya zo, aka nuna masa tebur, ya zauna. Zaman ke nan har yau. Matarsa kaɗai ta san wannan, kuma takan ajiye shi ne don ranar da Malam ya cika baki a gida. Shi kuwa abin yana nan a ransa kullum. Duk ranar da wani yaro ya ce, "Baba, ai kai ka ga intabiyu iri-iri," sai ya gyara tabarau ya canja magana.

'Ya'yansa uku. Biyun farko ba su bi hanyar boko mai nisa ba, ɗaya yana gyaran firij, ɗaya tana ɗinki, kuma suna rufa wa kansu asiri. Auta ce ta shiga jami'ar da ubanta yake buɗe wa taga kowace safiya. Ta karanta kimiyyar sinadarai, ta fita da sakamako mai kyau, sai dai ta makara da zango ɗaya. Daga nan kuma shiru. Wata goma sha huɗu tana gida. Sau uku aka kira ta intabiyu, sau uku Baba ya shirya ta da hannunsa, sau uku ta dawo ta ajiye jaka ta shige ɗaki. Yarinyar da a da sai an ce ta rage surutu, yanzu sai a yini ba a ji muryarta ba. Ta daina ɗaukar wayar ƙawayenta da suka kama aiki. Maƙwabta kuma ba sa rasa ta cewa. Mai shagon bakin layi ya taɓa tambayarsa, da murmushi, ko gaskiya ne shi ne yake sama wa 'ya'yan mutane aiki. Baba ya biya sabulunsa ya tafi, amma maganar ta bi shi har ofis.

Tsoro yake ji, babu wani suna da za a ba abin. Saura masa shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi ritaya, kuma ya ga yadda zaman gida yake cin yara. Shekarar farko suna neman aiki, ta biyu suna cewa suna nema, ta uku ko takardunsu ba su san inda suka ajiye ba.

Sai ga wasiƙa daga wani kamfanin tace ruwan sha. Mutum biyu suke so a ɗakin gwajinsu, a turo musu goma, kuma su da kansu za su zo jami'a su gana da su a rana ɗaya. Sashen sinadarai ne ya fitar da sunayen bisa maki, babu hannun Baba a ciki. Da takardar ta sauko teburinsa ya bi ta da yatsa, ya tsaya a ta tara. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, sunan yana nan.

Sati guda ya yi yana gasa yaran goma. Bai fifita tasa ba, wannan kam ko maƙiyinsa zai shaide shi. Abin da ya ba ta shi ya ba kowa, har da mafi tsadar abin da ya mallaka, wato shafi na arba'in da ɗaya. Tambayar ita ce wadda ba a rasa ta: mene ne babban rauninka a wajen aiki? Amsar kuwa wata ɗaliba ce ta kawo ta shekaru goma sha tara da suka wuce, kuma tun daga lokacin ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ga ta: "Raunina shi ne ba na iya barin aiki rabi. Mahaifiyata ce ta ɓata ni. Tun ina ƙarama in na wanke tukunya sai ta kifa ta ta duba bayanta, ta ce wanda bai wanke inda ba a gani ba bai yi wanki ba. Shi ya sa nakan daɗe a kan aiki fiye da kowa." Maza su ce ƙarami, mata su ce ƙarama, iyakar bambancin ke nan. Har wurin da za a ɗan yi murmushi Baba ya sa wa alama.

Ana gobe intabiyu, da yamma bayan an ci abinci, ya sa Auta ta fito da kujera tsakar falo ta maimaita. Mamanta tana gefe tana ninke wanki. Da aka zo kan tukunya sai ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Ni? Yaushe na taɓa kifa miki tukunya? Ke da in kin yi wanke-wanke sai na bi bayanki na sake."

"Ba tarihin gidan nan za su tambaye ta ba," in ji Baba. "Amsa suke so."

"To ai shi ke nan, Malam. Ni dai na san kayan aro ba ya rufe katara."

"Shekara nawa amsar nan tana sama wa mutane aiki?"

"Kai ka sani. Kai ne ka sha zama a gaban masu kamfani."

Ya harare ta ta saman tabarau, ta ci gaba da ninkinta kamar ba ita ba. Auta ta ɗago kai a hankali ta ce, "Baba, in suka tambayi dalilin da na makara da zango ɗaya fa? In faɗi maganar kwalaben?"

"Kada ki kuskura. Ki ce aikin bincikenki ne ya buƙaci ƙarin lokaci. Wa yake zuwa neman aiki da tallar kuskurensa? Zauna daidai, mu sake daga farko."

Maganar kwalaben ba wata doguwa ba ce. A shekararta ta ƙarshe ta ɗebo ruwan rijiyoyi talatin don bincike, garin sauri ta rikita takardun da ake liƙa wa kwalabe. Ita kaɗai ta gane, bayan an gama gwaji, sakamako ya fito tsaf. Da ta yi shiru da ta wuce. Sai ta je ta gaya wa malaminta, aka ce ta sake daga tushe, abokan karatunta suka fita suka bar ta. Baba bai yi mata faɗa ba a lokacin, amma a lissafinsa wannan tabo ne, kuma tabo rufe shi ake yi.

Ranar ta zo. Ƙarfe tara saura ya jera su a kan bencin baranda bisa lamba, ya duba takalmin kowa, ya sa wani ya cire biro daga bayan kunne. Mutanen kamfanin su biyu ne, wata mata mai baƙar jaka wadda aka ce ita ce manajar ɗaukar ma'aikata, da wani mutum mai sanƙo daga ɗakin gwajinsu. Darakta ya sauko ya gaisa da su ya raka su ƙaramin ɗakin taro, ya koma sama wajen sanyinsa. Ɗakin taron nan kuwa da ofishin Baba asali ɗaki ɗaya ne, katako aka sa aka raba. In an motsa kofi a can, ana ji a nan.

Baba ya kashe fanka don ya ji da kyau. Ya zauna ya buɗe wani fayil da ba ya buƙata.

Na farko ya ƙwanƙwasa daidai, ba ƙarfi ba sanyi. Baba ya gyaɗa kai. Aka yi tambayoyin karatu, yaron ya amsa. Sai muryar Manaja: mene ne babban rauninka? Yaron ya kawo tukunya tiryan-tiryan, har murmushin ana jin sa a muryarsa. Manaja ta ce, "Sake faɗi in ji." Ya sake. Baba ya ji daɗi har ya ɗan buga teburi da yatsa, a ransa ya ce ta kama.

Ta biyu ta shiga, ta kawo tukunya. Na uku ma haka, kuma a nan ne mai sanƙo ya yi wani tari da ba na mura ba. Baba ya rufe fayil ɗin. Ta huɗu tana cewa "sai ta kifa ta," Manaja ta karɓe mata: "ta duba bayanta, ta ce wanda bai wanke inda ba a gani ba bai yi wanki ba. Na gode, kina iya tafiya." Na biyar kuwa da ya gama, sai aka ji an ajiye biro a kan tebur.

"Ku gaya mini gaskiya," in ji Manaja, ba tare da ɗaga murya ba. "Ku duka uwa ɗaya ce ta haife ku?"

Sai yanzu Baba ya ga abin da ya kasa gani shekara goma sha tara. Amsar nan ɗai-ɗai take fita, wannan ya kai ta banki, wancan ya kai ta masana'anta a wani gari, babu mai jin ta sau biyu. Yau ne karon farko da ya tura mutum goma ɗaki ɗaya, gaban kunne ɗaya, kowa da tukunya ɗaya a baki. Wataƙila ma ta daɗe da zagaye ofisoshin garin, wataƙila ita ce ta dawo masa da Auta gida sau uku, shi yana nan yana cewa zamanta ne bai daidaita ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ta shida ta riga ta shiga. Saura huɗu a benci, kuma tasa tana cikinsu. A jikin bangon baranda akwai doka da ya buga da tafiretarsa ya liƙa: da zarar an fara ganawa, babu ma'aikacin da zai yi magana da masu jira. Bai taɓa karya ta ba, ya ma taɓa kai ƙarar wani malami a kanta. Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. Ya yi tunanin ya leƙa ya yafito Auta ita kaɗai kamar zai aike ta. Har ya kama hannun ƙofa da wannan niyyar, sai kunya ta kama shi. Sauran ukun ma shi ya ɗora musu kayan.

Ya fita ya tsaya a gabansu, ya rage murya. "Ku saurare ni. Maganar tukunya, kada wanda ya sake faɗinta. An gane. Duk abin da na ba ku daga littafin nan, ku ajiye shi a nan benci."

Suka yi tsuru-tsuru. Na bakwai, wani dogo da kwat ɗinsa ta yi masa yawa a kafaɗa, ya ce, "To me za mu ce, Baba?"

"Ku faɗi naku."

"Namu wanne? Kai da aka tambaye ka a naka intabiyun, me ka ce?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baba ya dubi takalminsa, ya ce, "Ni ba a taɓa yi mini intabiyu ba. Ko sau ɗaya."

Ya kasa duban sauran, sai ya dubi 'yarsa. Idonta ya kawo ruwa, amma ba na tausayi ba ne, fushi ne. Ta ce a hankali, yadda su biyu kawai za su ji, "Yanzu, Baba? Saura mutum biyu a kira ni, yanzu kake gaya mini?"

Ya koma ofis ya rufe ƙofa, ya zauna, ba a kujerarsa ba, a kan mai gajeriyar ƙafa, don ta fi kusa da katakon. Ta yi ta rawa da shi.

Na bakwai ya shiga. Da tambayar ta zo ya yi 'yan kame-kame, tsoro ya mayar da shi inda ya saba, sai dai ya mai da uwar kaka, tukunyar kuma faranti. Mai sanƙo bai ma ɓoye dariyarsa ba wannan karon. Na takwas ya ce shi ba shi da wani rauni da ya sani, aka sallame shi cikin minti uku. Baba ya dafe kai. Ya ƙwace musu sanda a bakin rami, bai ba su wata ba.

Sai ƙwanƙwasar da ya sani. Ta yi sanyi da yawa, da a gwaji ne da ya mayar da ita waje. Aka ja kujera. Aka tambaye ta yadda ake gane ruwa ya gurɓace, ta amsa. Aka tambayi wani abu kan awo, ta amsa. Sannan Manaja ta ce, da muryar wadda ta gaji, "To, ke kuma mene ne naki raunin? In tukunya ce, mun ƙoshi."

Shiru. Baba ya ƙirga har goma sha biyar, abin da a dokarsa ya isa a ce mutum ya faɗi. Bakinsa yana motsi shi kaɗai, yana roƙon Allah ya sa ta ce wani abu, ko mene ne.

"Gaggawa," in ji Auta. Ba muryar gwaji ba ce, muryar gida ce, wadda take yi wa yayarta gardama da ita. "Ina da gaggawa. Ita ta sa na makara da zango ɗaya, yana nan a takardata. Na ɗebo ruwan rijiya talatin, ina sauri in gama kafin a rufe ɗakin gwaji, na zuba duka sannan na zo liƙa takardu. Na rikita su. Sakamakon ya yi kyau, babu wanda ya lura, amma na san ruwan da na ce mai kyau ne wataƙila shi ne marar kyan, kuma mutane suna sha. Na je na faɗa, aka sa na sake. Har yanzu ina da gaggawar, ba ta tafi ba. Abin da na koya kawai shi ne ba na zuba ruwa a kwalba sai na rubuta sunanta tukuna."

Baba ya runtse ido. Abin da ya hana da babbar murya, shi ta kwashe ta zube musu a tebur. Ya ji mai sanƙo ya ce, "Rijiya talatin ɗin duka kika koma?" Kafin ta amsa, mai yankan ciyawa ya tayar da injinsa a bayan taga. Baba ya manna kunne a katako, babu abin da yake ji sai ruri. Ya leƙa ta taga yana ɗaga hannu, mutumin ya ɗaga masa nasa yana murmushi, ya ci gaba da aikinsa. Minti ashirin injin nan yana yi. Ko da ya tsaya, ta goma ce a ciki.

Bayan azahar aka gama. Yana zaune bai ci komai ba, yana jiran Darakta ya aiko a kira shi, sai aka ƙwanƙwasa ƙofarsa, ba ƙarfi ba sanyi. Manaja ce. Ta gaishe shi da ladabi, ta ja kujerar mai gajeriyar ƙafa ta zauna, kujerar ko motsi ba ta yi ba.

"Baba, har yanzu ba a gyara ta ba?"

Ya dube ta da kyau ta saman tabarau. Fuskar ta cika, amma idon bai canja ba.

"Ba ka gane ni ba. Na yi kuka a kan kujerar nan sau biyu. Da na samu aikina na farko na dawo ka tambaye ni me na ce musu, na gaya maka, ka rubuta da jan biro. Tukunyar tamu ce, Baba. Mahaifiyata ce. Bara ta rasu. Yau na zauna mutum shida suna ba ni labarinta, kowa ya ce tasa ce, na bakwai ya ce kakarsa ce."

Baba ya jawo durowa, ya cire robar, ya buɗe shafi na arba'in da ɗaya. Ya yage shi a hankali ta bakin ɗinki, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ki yafe mini, 'yata. Na ɗauka amsa ce."

Ta karanta, ta ninke shi ta sa a jaka. "Ban zo don in ci maka fuska ba. Ba don kai ba da ban iya shiga ofis na buɗe baki ba. Amma yaran nan ba su bar mini abin da zan auna su da shi ba. Ka sake turo mini su ƙarshen wata, gurbi ɗaya yana nan. Roƙona ɗaya, kada ka ba su amsa."

"Gurbi ɗaya," in ji Baba. "Ɗayan fa?"

"Mun cike shi. Ta tara." Ta buɗe fayil ta karanto sunan, na yarinyar da na ubanta, ta wuce kansa kamar sunan baƙo. "Ranar Litinin takardarta za ta fito. Ƙwanƙwasarta ba ta yi ba, zamanta ma a karkace. Da gani ka san ita kaɗai ce a cikinsu ba ta taɓa biyowa ta hannunka ba."

Baba ya dubi kujerar da take kai. Lokacin da Auta take rarrafe, in mamanta za ta asibiti nan take kawo ta, kuma da ƙafar kujerar nan ta fara kamawa ta miƙe tsaye. Maganar ta zo masa har baki. Ya haɗiye ta.

"Allah ya sa ta riƙe muku aikin da kyau," ya ce.

Da ta tafi ya daɗe a zaune, farin ciki da kunya sun haɗu sun hana shi tashi. Sannan ya ɗaure littafin, ya kulle durowa, ya rufe taga, ya fito. Baranda ta watse, sai Auta ita kaɗai a ƙarshen benci. Ta cire takalman ta riƙe a hannu, ta zame har bayanta ya kusa kwanciya, ƙafa ɗaya a miƙe.

"Na faɗi maganar kwalaben," ta ce, ba ta dube shi ba.

"Na ji."

"Na ɓata ko?"

"Ranar Litinin ki sa wayarki a caji. Kuma in an kira ki ɗauka."

Ta juyo ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta rufe fuska da takalman a hannunta, kafaɗunta suna rawa. Baba ya tsaya a kanta. Ya ga yadda ta zauna, kalmomin nan biyu suka taso masa da kansu kamar kullum, har leɓensa ya motsa. Sai ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya zauna kusa da ita, ya jingina da bango, ya miƙe tasa ƙafar shi ma.